Kofin Hagu

A shekarun da garin Suleja yake amsa sunan Abuja, daidai lokacin da aka fara zancen gwamnati za ta ɗauke sunan ta kai shi daji can bayan Dutsen Zuma, akwai wani mai gyaran agogo a bakin kasuwa ana ce masa Malam Tanimu. Siriri ne, marar yawan magana, hannunsa kuwa Allah ya yi masa baiwa. Agogon da ya kwana cikin ruwan kogin Iku ma in aka kawo masa, kwana biyu sai ka ji yana bugawa. Aibinsa ɗaya ne, ba kuwa ƙarami ba: yana son a yi mamakinsa.

Shekara shida ya yi yana haɗa wani abu a ƙuryar shagonsa. Ranar da ya fito da shi, sai ga ɗan mutum na icen maɗaci, tsawonsa bai fi kamu ɗaya da rabi ba, ya tanƙwashe ƙafafu a kan akwati, da 'yar hula da ɗan gemu na gashin akuya. A gabansa akwai kofuna uku na silba a kife. In Tanimu ya murɗa mabuɗin da ke bayan akwatin ya ja da baya, sai ɗan mutumin ya ɗaga kai kamar an yi masa sallama, ya nuna wa jama'a jan murjani ƙarƙashin kofi ɗaya, ya rufe, ya buga hannu sau biyu. Da ya sake buɗewa babu murjani a nan, ya koma ƙarƙashin wani kofin. Wani lokaci kuma duka ukun a buɗe wayam, sai ya wangale baki, ga murjanin a kan harshensa. Mutanen kasuwa suka raɗa masa suna Malam Shiru.

Abin da ke cikin akwatin ba wani sirri ba ne ga wanda ya san ƙarfe. Sifirin ne na tsohon garmaho, da faifan tagulla mai tudu da kwari, da murjani huɗu iri ɗaya, kowanne da ɗan raminsa. Faifan ya juya, ya tura wannan sama ya janye wancan. Zagaye goma sha ɗaya ne, a jere, ba sa canzawa. Na farko hagu, na biyu hagu, sauran su yi ta yawo, na goma sha ɗaya kuma baki, sannan a koma farko. Tanimu ba ya yarda ya nuna fiye da biyu ko uku a zama ɗaya, don haka babu wanda ya taɓa ƙirgawa.

Mutum ɗaya ne kaɗai ya san wannan bayan shi, wato Akinola mai injin niƙa. Mutumin Offa ne, ya shekara ashirin da biyu a garin, a nan ya haifi 'ya'yansa duka, sahu ɗaya suke tsayawa da Tanimu a masallaci. Hausarsa ta nuna sarai, sai dai har yau ba ya raba namiji da mace a magana. Shi ya yanka faifan tagullar nan da magagarinsa, tudu bayan tudu, yana yi yana tsiya cewa Tanimu ya rasa aikin yi. Tun suna samari suke tare, abin da ɗaya ya ci ɗaya ya sani.

Mutanen gari kuwa sun yanke nasu hukuncin tun ranar farko: aljani ne a ciki. Mata kan tofa addu'a in za su wuce shagon. Liman ya taɓa kiran Tanimu gefe ya ce masa sassaƙa siffar mai rai ba abin wasa ba ne. In aka tambaye shi kai tsaye, ko da gaske akwai mutanen ɓoye a akwatin, ba ya cewa e, ba ya cewa a'a. Murmushi yake yi ya ci gaba da duba agogo. Da ya ce sifirin ne da tagulla, da sun ce ashe ma abin banza ne, shi kuwa shekararsa shida ba ya son a kira su banza. Akinola ya sha gaya masa wannan murmushin zai yi tsada wata rana.

Wata safiyar Laraba Alhaji Bamalli, babban dillalin doya da hatsi, ya zo shagon da kansa. Shi ne ya ba mahaifin Tanimu wurin da aka kafa shagon, kuma irin mutanen nan ne da ba su cika taka ƙafa zuwa wurin kowa ba, aike suke yi. Tanimu ya miƙe da rawar jiki ya shimfiɗa masa buzu. Alhaji ya ajiye 'yar ƙwarya cike da farin goro ya tura masa.

"Ga wannan, Malam Tanimu."

Duk wanda ya tashi a gaban manya ya san cewa goron da aka kawo har gida a ƙwarya ba na taunawa ba ne sai an ji abin da ya kawo shi. Tanimu ya sani. Amma daɗin ganin Alhaji Bamalli zaune a shagonsa, maƙwabta suna leƙe, ya ɗauke masa hankali. Ya yi godiya, ya ɗauki ɗaya ya ɓare ya jefa baki. Alhaji ya jira sai da ya ga ya tauna, sannan ya faɗi buƙatarsa.

Rediyonsa ne ya ɓata, wanda ya sayo a Makka. Ranar Litinin yana ɗakin zaure, kafin magariba babu shi. Mutum uku ne suka shiga ɗakin a ranar: Almu ɗan ƙanensa mai riƙe masa makullai, da Ɗantala direban motarsa, da Akinola, wanda aka kira ya gyara sikeli.

"Ina so ka kawo Malam Shiru gobe bayan la'asar ya duba mana," in ji Alhaji.

Goron ya yi wa Tanimu ɗaci a baki. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan abin wasa ne. Da an ba su Alƙur'ani sun rantse."

"Ba na kawo Littafin Allah a kan rediyo," Alhaji ya faɗa, ya miƙe yana gyara babbar riga. "Sai goben."

Tanimu ya gane abin da ba a faɗa ba. In aka ba ɗaya rantsuwa dole a ba duka ukun, Alhaji kuwa yana tsoron kada Almu ya rantse a kan ƙarya Alƙur'ani ya ci shi, ɗan marigayi ƙanensa guda. Yana neman alƙalin da ba ya kashewa. Ga shi kuma an riga an ci goro, a gaban shaidu.

Da azahar ya rufe shago ya nufi wurin injin. Ya tarar da mata a layi da ƙwaryar dawa da masara, Akinola ya yi fari fat da gari har gira. Ya ja shi bayan rumfa inda ƙarar ta yi sauƙi ya gaya masa komai. Akinola ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Katako zai kama ɓarawo? Katakon da ni na yi masa hanji?"

"Ba abin dariya ba ne, Akin. Sunanka yana ciki."

"To me za ka yi?"

Tanimu ya riga ya yi tunani a hanya. Zai juya faifan a shago har ya tsaya a kan na goma sha ɗaya. Gobe in an murɗa, kofuna uku za su tashi wayam, murjani ya fito a baki. Babu wanda aka nuna. Sai ya ce wa Alhaji Malam Shiru bai ga ɓarawo cikin ukun nan ba, a nemi wani wuri. Ya fita kunyar goro, kowa ya koma gida da mutuncinsa.

"Wayonka ya yi yawa, shi ne ciwonka," in ji Akinola. "Matata zai ce kada in je. Zan ce masa wanda bai ci nanin ba, nanin ba ta cinsa. Zan zo."

Kashegari zauren Alhaji ya cika har ƙofa. Dattawan unguwa suna kan tabarma, 'yan kasuwa a tsaye ta baya. Aka ajiye akwatin a tsakiya. Alhaji ya ce kowane ɗaya daga cikin ukun ya zauna gaban kofi ɗaya. Almu ya zauna a daman Malam Shiru yana ta zufa, Ɗantala a tsakiya, Akinola ya tattara rigarsa ya zauna a hagu, har yana ƙifta wa Tanimu ido. Tanimu ya lura da inda ya zauna, bai damu ba, tunda sau ɗaya za a yi.

Ya murɗa mabuɗi ya ja da baya. Malam Shiru ya ɗaga kai, ya nuna murjani, ya rufe, ya buga hannu. Ya ɗaga kofin dama, babu komai. Na tsakiya, babu. Na hagu, babu. Sannan ya buɗe baki, ga jan murjani a harshe. Zauren ya ɗauki guna-guni.

"Ranka ya daɗe, ka gani," in ji Tanimu. "Babu ɓarawo a cikinsu."

Alhaji ya shafa gemu. "Ko sallama ma sau uku ake yi kafin a juya. A sake."

Dattawa suka gyaɗa kai. Haka ne, ba a yanke magana da ji ɗaya. Abin da kowane yaro a garin ya sani, Tanimu da duk lissafinsa ya manta da shi. Ya tsaya riƙe da mabuɗi. Faifan ya riga ya koma farko. Ya dubi Akinola, ya ga murmushin ya bar fuskarsa, domin shi ma ya san abin da ke biye, da hannunsa ya yanka shi.

Ya yi tunanin ya ce a sauya wurin zama, sai ya ga in ya yi haka ya zaɓi wanda za a kira ɓarawo ke nan, alhali bai san wanda ya ɗauka ba. Ya yi tunanin ya ce abin ya lalace, ya san ba wanda zai yarda. Sai ya ga hanya ɗaya ta rage, ya faɗi gaskiyar da ya shekara biyu yana rufewa da murmushi.

"Alhaji, dattawa, ku saurare ni. Babu aljani a cikin akwatin nan. Ƙarfe ne, kamar agogo. Jeri gare shi, ba ya sauyawa, ko wa ya zauna a gabansa. Don ku tabbatar, zan gaya muku tun kafin in murɗa. Yanzu hagu zai faɗa. In an sake, hagu zai kuma faɗawa."

Idanu suka bar Tanimu suka koma kan mutumin da ke zaune a hagu.

"To murɗa mu gani," in ji Alhaji.

Ya murɗa, yana fatan in suka ga maganarsa ta fito daidai za su gane. Murjani ya bayyana a hagu. Ya sake murɗawa. Hagu.

"Kun gani? Yadda na faɗa. Ko tunkiya aka zaunar a nan..."

Wani dattijo daga gefe ya katse shi, a hankali, cikin tausayi ma. "Ashe tun jiya ya sanar da kai. Shi ya sa a karon farko ka ɗaure masa baki, don ka rufa wa abokinka asiri. Ba mu ga laifinka ba, Malam Tanimu. Zumunci ne."

Tanimu ya durƙusa ya zaro sukudireba daga aljihu ya kwance bayan akwatin. Ya juyo da shi ga jama'a. Ga sifirin, ga faifan tagulla, ga murjani huɗu kowanne a raminsa. Ya murɗa a buɗe, yana nunawa da yatsa, yana faɗin inda kowane zagaye zai tsaya kafin ya tsaya, har tara da suka rage. Duk abin da ya ɓoye wa garin ya baje shi a kan tabarmar Alhaji. Mutane suka matso suna leƙe, wasu har da riƙe baki.

Dogara mahauci ya daɗe yana kallo, sannan ya koma ya zauna. Ya ce, "Ni shekarata talatin ina feɗe akuya. Kullum hanji da tumbi nake gani, ban taɓa ganin rai ba. Amma ai ba za ka ce mini babu shi ba."

Aka ce ƙwarai kuwa, Dogara ya yi magana.

Akinola ya miƙe. Muryarsa ba ta tashi ba. "Alhaji, ni na yanka wannan tagulla, ku tambayi Tanimu. A kawo Alƙur'ani in yi alwala in rantse a gabanku."

"Zauna, Akinola," in ji Alhaji. "Na ce ba na kawo Littafi a kan rediyo. Ba zan kai kowa gaban alƙali ba, ba zan kira ɗan sanda ba. Mun daɗe tare. Na yafe, na bar wa Allah."

Jama'a suka yi ta sa masa albarka, ana cewa haka manya suke. Tanimu kuwa ya ji kamar ya yi kuka, don ya san da an je gaban alƙali da akwai ranar wankewa. Wanda aka yafe wa a bainar jama'a ba shi da inda zai kai ƙara.

Babu wanda ya zagi Akinola, babu wanda ya jefe shi. Garin ba ya haka. Layin matan nan ne kawai ya fara gajarcewa. Wata ta ce mudunta biyar ta kai, garin da ya dawo bai kai ba, wata ta ce ita ma ta daɗe tana lura. Abin da shekara ashirin ba a taɓa ji ba, cikin mako biyu kowa ya tuna da nasa. Suka koma kai niƙa can wajen tasha, ko da ya fi nisa. A masallaci in ya ajiye takalmi, na kusa da shi sai ya ɗauke nasa ya shiga da su. 'Ya'yansa suka daina zuwa makarantar allo.

Tanimu ya bi gida gida. Ya je wurin liman, liman ya ce shi tun farko ya yi gargaɗi, kuma duba haramun ne, zai faɗa a wa'azi. Ya faɗa, mutane suka yarda haramun ne, amma suka ce haramcin abu bai hana shi faɗin gaskiya. Ya koma wurin Alhaji sau uku, ana ce masa yana hutawa. Ya tare Almu a hanya ya haɗa shi da Allah, Almu ya ce shi aka wanke a gaban mutane, a ƙyale shi. Ranar kasuwa ya ajiye akwatin a buɗe a ƙofar shago yana nuna wa duk mai wucewa, har muryarsa ta dushe. Abin da ya samu shi ne wasu mutum biyu daga Gawu da suka zo da goro a ƙwarya, an sace musu akuya. A ranar ya zare faifan tagullar ya lanƙwasa shi da guduma. Washegari labari ya zaga cewa ya kashe shaida.

Rediyo dai ba a gan shi ba. Kowace safiya mai kawo agogo zai zauna ya ce, "Kai ma ka yi haƙuri, Malam Tanimu, mutum mugun icce ne, ba a saninsa." Mai zuwa karɓar agogonsa ma haka. Matarsa Sailuba ta tuna masa cewa a bara Akinola ya ari filaya bai dawo da ita ba. Ya daka mata tsawa, amma shi ma ya tuna da filayar.

Bayan wata uku aka gaya masa Akinola yana kwance injin. Ya tafi da hantsi. Ya tarar da babbar mota a ƙofar rumfar, 'yan dako suna ɗaure injin da igiya, Morenike matar Akinola tana zaune a kan ƙunshin kaya da 'ya'yanta. Ya gaishe ta, ta amsa ba ta dube shi ba. Akinola ya rame, rigarsa tsaf babu ɗigon gari.

"Offa za ku?"

"Wa na sani a Offa yanzu? Za mu gwada Kaduna."

"Akin, ka ƙara haƙuri. Wata rana gaskiya za ta fito."

"Yara ba sa cin wata rana." Ya ja shi gefe, bayan rumfar, inda yanzu babu ƙara. "Ban zo da faɗa ba, Tanimu. Ka yi wauta, amma ka yi ƙoƙari, na gani. Mutanen gari kuma ban riƙe su ba, abin da suka gani suka bi. Kai kaɗai ka san tagulla ce. Abu ɗaya nake so in tafi da shi. Ka dube ni ka ce ka san ban ɗauki rediyon nan ba."

Tambaya ce mai sauƙi, amsarta kuma tana bakin Tanimu. Amma wata uku garin ya yi yana zuba masa magana ɗaya a kunne, safe da yamma. Kafin harshensa ya motsa, sai wani tunani ya gifta masa: tagulla dai ba ta san komai ba, gaskiya ne, amma cikin mutum ukun nan wani ya ɗauka, kuma shi ba ya ɗakin. Tunanin bai fi numfashi ɗaya ba. Ya kore shi, ya buɗe baki.

"Na sani mana, Akin. Wallahi na..."

"Bari," in ji Akinola. Ya lura da ɗan jinkirin nan na numfashi ɗaya. Ya ɗan jima yana kallonsa, babu fushi a fuskarsa, sai gajiya. "Kada ka rantse. Allah ya sada mu da alheri."

Ya juya ya taimaka wa matarsa ta hau, ya miƙa mata yaran ɗaya bayan ɗaya, shi ma ya hau ya zauna kusa da injin, bayansa ga gari. Tanimu ya bi gefen motar yana cewa ya sani, ya sani, har ta hau titin Kaduna ta ƙara wuta. Akinola bai waiwayo ba.